Kwalin da ke Tagar Motar Majur

Ku da kuke zaune kan tsohuwar taya kuna ƙunshe dariya don kun ga tsoho ya cinye rabin wuni a kan gilashin da bai fi tafin hannu biyu ba, ku matso nan. Ɗazu na ji wani cikinku yana cewa, "Da ni ne, minti goma na gama, in matsa kol in danna." Na ji ka sarai, wato ka liƙe shi da gam. Gwiwata ce ta mutu, kunnena yana nan garau. Ni ma na taɓa faɗin wannan magana, kuma na fi ka iya faɗinta. Duk Damagaram Mutari Mai Gilashi ake ce mini, amma akwai shekarar da aka ƙwace mini wannan suna aka liƙa mini wani. A sana'armu kuwa wanda sunansa ya ɓaci, ya naɗe rumfarsa kawai. Yadda na rasa sunan da yadda na bi shi har na karɓo shi, shi zan gaya muku. Sai dai ba za ku gane ba sai kun san gilashin nan tukuna.

Ku dube shi da kyau. Ɗan gilashi ne mai kusurwa uku, yana gaban tagar ƙofa a tsofaffin motoci, irin su kat-san-kat da bashe ɗinta mai ɗaukar kaya. Ƴan lekol, wato ƴan boko, suna ce masa deflekter. Mu a garaji kunne muke cewa, don in direba ya buɗe su duka biyu sai mota ta zama kamar jaki ya ji motsi. Kafin a kawo motoci masu sanyaya ciki, shi ne yake kamo iska ya watso wa direba a ƙirji. Yana zaune cikin wani ɗan ƙarfe mai kwari kamar indararo, wanda ya kama shi ta gefe biyu kawai, ƙasa da gaba. Babu ƙusa, babu noti, ba a huda shi ko'ina. Matsi kaɗai ke riƙe da shi. To duk sana'ar tana cikin wannan matsi. In ya yi yawa gilashi ya fashe a hannunka, in ya yi kaɗan ya faɗi a hanya.

Aikin farko da maigidana Baba Kyari ya ba ni, kankare tsatsa ne. Babarbare ne, dogo, mai ƙarancin magana, rumfarsa tana bakin tasha, wannan dai da kuke ciki. Ranar da mahaifina ya kawo ni, Baba ya miƙo mini ƙarfen kunne guda da tsohon turnabis, abin kwance sukurun nan, da ya wasa bakinsa ya zama siriri, ya ce in fitar da duk abin da ke cikin kwarin. Na kankare, na hura, na kai masa ina jin kaina. Ya naɗa farin ƙyalle a kan tsinke, ya bi cikin kwarin da shi, ƙyalle ya fito ja. Ya mayar mini. Wata uku ina wannan aiki, ban taɓa gilashi ba. Rannan haushi ya ishe ni na ce, "Baba, ai wannan tsatsar in an sa gilashi ba wanda zai gan ta." Ya ce, "Kai ne ba ka ganinta. Roba tana gani."

Kayan aikinsa ba su cika ƙwarya ba. Wannan turnabis, da guduma ta itacen aduwa, da reza, da kwalbar baƙin mai, da buhu da ya naɗe gida huɗu a kan katako. Sai babban abu, ɗanyar roba, baƙa, mai laushi, wadda ake kawo masa a naɗe daga Kano. Ga yadda ake yi. Ka yanko roba daidai tsawon gefen gilashi, ka lulluɓe bakinsa da ita. Ka shafa mai kaɗan a bayanta. Ka tsai da gilashi a kan buhu, ka ɗora ƙarfen a samansa, sannan ka bubbuga. Ƙarfe ake bugu, ba a taɓa bugun gilashi. Wannan irin gilashi ka taka tsakiyarsa ba zai ce komai ba, amma ka ɗan ƙwanƙwasa bakinsa sai ka gan shi ya zube kamar tsaki. Kuma ba a fara bugu daga baki, daga kusurwa ake farawa a bi a hankali, kana sauraro. In ya kai ƙasa sautin yana sauyawa, daga kwas-kwas ya koma dum. Kana jin dum ka ajiye guduma, bugu ɗaya a kan wannan ya ishe ka asara. Sai a bar shi ya kwana. Mai yana kumbura ɗanyar roba ta cika kwarin tam, da safe ka bi da reza ka yanke abin da ya leƙo.

Kunnen farko da na ɗaura da hannuna na wani bashe ne mai jigilar buhunan gyaɗa. Ya yi kyau, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Na mayar da shi jikin ƙofa, na tsaya ina jiran yabo. Baba Kyari ya taso, ya buɗe kunnen, ya cafki gilashin da hannu biyu, ya finciko ƙofar da shi ta rufu garam. Na zabura. Na ce, "Baba, za ka fasa!" Ya ce, "Wa ka taɓa gani a Damagaram ya rufe ƙofar mota da mariƙinta?"

Gaskiyarsa. Bature da ya ƙera abin nan, iska kawai ya sa a ransa. Mu kuwa mun mai da shi komai. Mariƙin ciki shi ne abin da ke fara karyewa a tsohuwar mota, daga nan kowa da kunne yake jan ƙofa. Tsohuwa za ta hau, shi take dafawa ta ɗaga jikinta. Direba ya manta makulli, ta nan yake zura hannu. Da bazara a jiƙa rawani a rataya masa don iska ta shigo da sanyi. Na ga wanda ya rataye kaza biyu a jikinsa daga Mirriya har gari. Shi ya sa Baba yake cewa ba don iska muke ɗaure kunne ba, don nauyin mutum muke ɗaure shi. Shekara goma sha ɗaya na yi a hannunsa, ko ɗaya bai taɓa fita rumfar nan ba sai ya ja shi ya gani.

Cikin masu kawo mana mota akwai Majur Iliya. Babban ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, Kirista, gidansa yana can bayan majami'arsu. Rabin direbobin tasha shi ya yi musu allura tun suna yara, wasu ma shi ya ɗinke musu kai. Yana da farar kat-san-kat bashe wadda ya kula da ita kamar ɗiya, kuma motar ba tasa ba ce shi kaɗai. Mace ta kasa haihuwa a unguwa, ita ake nema. An yi rasuwa, ita ake nema, ba a tambayar na masallaci ne ko na majami'a. Babu lungun da ba a san farar motar Majur ba. Matarsa Madam Saratu tela ce, tana koya wa ƴan mata ɗinki a zaurenta. Mace ce mai jiki, mai faɗar gaskiya a fuska, ko ka ji daɗi ko kar ka ji.

Da Baba Kyari ya rasu rumfa ta dawo hannuna. Na yi shekara biyu lafiya lau, sai ɗanyar roba ta daina zuwa. Mai kawo mana ya ce an bar yin ta, motoci sababbi ba sa buƙata. Ina cikin wannan tunani wani ɗan kasuwa ya nuna mini kol na gwangwani, irin mai ruwan zuma ɗin nan da ake liƙa takalmi da shi. Na gwada a kan wani kunne. Kai, jama'a! Na zuba, na danna, kafin in sha ruwa ya kama. Babu bugu, babu kwana, ko tsatsa ban kankare ba don kol ya rufe ta. Na ja ƙofa da shi yadda Baba yake yi, bai motsa ba. Na ce a raina, Allah ya jiƙan Baba, ashe wahalar banza muka sha. Abin da ban sa a lissafi ba, lokacin sanyi ne. Kafin sanyi ya wuce na liƙa wa mota goma sha huɗu, har da ta Majur, kunnenta duka biyu, da robarsu ta tsufa.

Sai bazara ta zo. Ranar kasuwar Mirriya, motar Majur ta wuni a rana tun hantsi, ƙarfenta ya ɗau zafin da ba a iya dafawa. Madam Saratu ta gama sayayya ta zo za ta hau. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta kama kunnen dama da hannu kamar yadda ta saba shekara da shekaru, ta ɗaga jikinta. Kol ya riga ya narke a ciki. Gilashi ya zaro daga ƙarfensa salin-alin ya biyo hannunta, ta faɗi ta baya da dukan nauyinta a kan hannun dama. Wuyan hannun ya karye, gilashi ya tarwatse. A gaban kasuwa guda aka yi, kuma zaren kol yana nan yana lilo a jikin ƙarfe kowa yana gani. Kafin magariba labari ya riga ya iso tasha. A makon nan wasu kunnuwa uku suka faɗi a hanya.

Majur ya yanko kwali ya toshe gurbin, don irin gilashin ya riga ya yi wuyar samu. Na gefen direba kuwa ya ɗaure shi da waya bai ƙara buɗe shi ba. Wannan kwali shi ya kashe ni. Motar tana yawo gari kullum, Birni, Kara-Kara, bakin asibiti, maƙabarta, duk wanda ya ga kwali a tagar farar mota sai ya tambaya, duk wanda ya tambaya sai a ba shi labari. Nan da nan na zama Mutari Mai Kol. Direba zai wuce ya leƙo ya ce, "Mai Kol, takalmina ya ɓalle, ko za ka taimaka?" Tasha ta kwashe da dariya. Ba kunne kaɗai aka hana ni ba, ko madubin gefe ba a ƙara kawo mini ba. Na koma facin taya da ɗaukar kaya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ba zan ɓoye muku ba.

Kwana uku da faruwar abin na je gidan Majur. Na tarar da shi a ƙofar gida yana wanke motar. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Majur, laifina ne. Ka ba ni motar in gyara."

Ya ci gaba da wanki, ya ce, "Mutari, da me za ka gyara? Da kol?"

Na ce, "Zan nemo abin da ya fi shi."

Ya matse tsumma ya dube ni, ya ce, "Ni na yafe maka, don na yi aikin jinya shekaru, na san hannu yana kuskure. Kwalin nan ma ba don in tozarta ka na sa ba. Amma ba hannuna ne ya karye ba. Na ɗaure mata shi da kaina, ban sani ba ko zai ƙara riƙe almakashi. Ba za ka taɓa motar nan ba sai mai hannun ta ce ka taɓa."

Na roƙi a yi mini iso wurin Madam. Aka shiga aka fito, aka ce ta ce ba ta da abin da za ta ce mini. Na koma bayan wata guda, na koma bayan wata uku, amsar ɗaya ce. Daga nan na gane baki ba zai yi mini wannan aiki ba.

Na fara da robar cikin taya. Ta babbar mota ta yi kauri, ta fasa mini tsohon gilashi guda. Ta babur ta shiga, amma da na shanya ƙarfen a rana na ja, sai ta sulɓe. Na gwada ƙyallen tanti, ya riƙe, ruwan damina ɗaya ya ruɓar da shi. Ina wucewa wata rana cikin Birni na ga wani baduku, Malam Habu, yana sa wa wuƙa kube, wuƙar ta shige tsam, ya juya ta ƙasa ba ta faɗo ba. Na tsaya na gaya masa abin da nake so. Ya yi dariya har hularsa ta goce, ya ce, "Yau ga wanda zai yi wa mota takalmi." Amma ya yanko mini ɗan zirin fata. Na kai rumfa na jiƙa ta da ruwa don ta yi laushi, na buga, ta kama kamar an haife su tare. Na yi murna. Bayan mako guda fata ta bushe ta tsuke, gilashi ya soma rawa a ciki.

Na mayar wa Malam Habu. Ya juya ta ya ce, "Wa ya ce maka ana sa fata da ruwa? Fata da mai take rayuwa." Shi ya koya mini sauran. Fatar akuya ake so, ta tsakiyar baya, don ta ciki tana miƙewa. Ya kankare ta da wuƙarsa har ta kai kaurin da nake so, muna aunawa da bakin turnabis ɗin Baba. A jiƙa ta cikin man gyaɗa kwana biyu, a matse. Sannan ya nuna mini abin da ba zan taɓa ganowa ni kaɗai ba. Fata fuska biyu gare ta. Gefen nama mai kaushi shi ake juyawa wajen gilashi don ya cije shi, gefen gashi mai santsi shi ke fuskantar ƙarfe don ya shige. Na koma na kankare kwari har farin ƙyalle ya fito fari. Na buga, na ji dum. Na shanya shi a kan kwanon rumfa kwana goma, na ja da dukan ƙarfina, bai ce komai ba.

Daga nan na shiga farautar motocin da na liƙa wa kol. Goma sha uku, ban da ta Majur, kuma na san su duka. Na ɗauki jakar kayan aiki ina bin su duk inda suke lodi. Sale Gajere, mai jigilar Mirriya, shi na fara tara. Ya ce, "Mai Kol, in ka taɓa mini mota sai na taka ka da ita." Na ce, "Taka ni, amma bari in cire kol ɗin nan tukuna, kar ya karya wata uwar." Ya ba ni hanya, don uwarsa ma a gaba take zama. Na zauna a ƙasa cikin tasha na yi aikin a gaban kowa. Cire busasshen kol daga kwari ya fi kankare tsatsa wuya sau goma, sai da kananzir da haƙuri. Waɗanda nasu ya faɗi na nemo musu gilashi wurin masu tsofaffin ƙarafa, har na share duk wanda ya rage a gari. Wata mota sai da na bi ta har wani ƙauye a arewa inda aka sayar da ita. Damina ta wuce, kaka ta wuce, na gama goma sha ukun. Na zaci aiki zai dawo. Ina! Sale da kansa ya ce mini, "Aikinka ya yi, ba ƙarya. Amma wancan ma ai ya yi kyau da sanyi. Mu dai sai mun ga kwalin Majur ya sauka."

To ga ni da fata, ga hannu, babu gilashin dama na kat-san-kat ko ɗaya a Damagaram. Na tambaya har na gaji, sai wani mai kawo rake ya ce ya ga mushen irin motar a wata garka bayan Mirriya. Na je. Tana nan ta nutse cikin ƙasa, babu taya, babu inji, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Amma ƙofar dama tana nan da kunnenta, gilashi ko tsaga babu. Mai garkar, wani dattijo, ya ce ba ruwansa da ƙarfe, shi dai kar muzuru ya shigar masa kan kaji. Na wuni ina rufe masa gurbin da langa-langa, na ɗoro ƙofar gaba ɗaya a amalanken jaki zuwa gari.

Ga abin da na yi da ita. Na cire kunnen na sake ɗaure shi da fata, na mayar. Na kafa gungumen giginya a gaban rumfa, ba a inuwa ba, a tsakiyar rana inda ba abin da ke kare shi. Na ɗaura ƙofar a jiki da maratayanta, tana buɗewa tana rufewa. Ƙofa ba mota, tsaye a bakin tasha. Mutane suka ce Mai Kol ya taɓu. Bazara na shigowa na soma kira, duk wanda ya zo wucewa sai in ce, "Zo ka ja." Da farko don tsokana suke zuwa. Direba ya gama cin tuwo ya zo ya finciki kunne ya buga ƙofa garam, a yi shewa. Da azahar nake fi son su zo, lokacin da ƙarfe ke ƙuna sai an sa tsumma. Akwai wani ƙaton ɗan dako da buhu biyu ba ya gabansa, ya kama gilashin ya ɗage ƙafafunsa sama yana lilo. Maratayin ƙofar ne ya lanƙwashe, na gyara, gilashi yana nan. Haka muka yi tun farkon zafi har hadari ya soma haɗuwa. Motar Majur takan wuce da kwalinta, yakan ɗago mini hannu, ba ya tsayawa.

Ranar wata Talata, rana tsaka, ina facin taya, sai na ji tasha ta yi tsit. Na ɗaga kai. Madam Saratu ce a ƙasa, da lema, ita kaɗai. Fiye da shekara rabon da in gan ta. Na miƙe na rusuna na ce, "Mama, sannu da zuwa, ga kujera."

Ta ce, "Ban zo zama ba. Wannan ce ƙofar da ta hana mutane sakat?"

Na ce, "Ita ce, Mama."

Ta miƙa mini lemar na riƙe. Sannan na ga hannun. Ya warke, amma wuyan ya ɗan karkace, yatsu biyu na ƙarshe ba sa lanƙwasuwa sosai. Ta ga ina kallo, ta ɗaga mini shi ta ce, "Kalla da kyau, aikinka ne. Wata bakwai ban riƙe almakashi ba. Yanzu da hagu nake yanka, kamar ƴar koyo." Na ce, "Na gani, Mama."

Na miƙa mata tsumma don zafin ƙarfe, ta ture. Ta buɗe kunnen, ta kama gilashin da wannan hannun na dama, ba da lafiyayyen ba. Ta ja. Ta ƙara ja. Sannan ta kafa ƙafa ɗaya a gindin gungumen, ta saki dukan nauyinta baya, daidai yadda ta yi ranar kasuwa. Na san aikina, na ga ƙato ya yi lilo a wurin, amma da za a ce in rantse a wannan lokaci ba zan iya ba. Ta daɗe a haka tana kallon gilashin. Sai ta miƙe, ta buga ƙofar garam, ta karɓi lemarta.

Ta ce, "Da me ka ɗaure?"

Na ce, "Fatar akuya da man gyaɗa."

Ta ce, "Da tun farko ka yi haka, da ban koyi yanka da hagu ba." Ta juya ta tafi.

Washegari da hantsi farar mota ta tsaya a nan inda kuke zaune, Majur yana tuƙi, Madam tana gefe. Ita da kanta ta ɓalle kwalin ta miƙo mini ta taga. Shi ne wancan da kuke gani a kafe sama da kayan aiki, wanda ɗayanku ya so ya hura wuta da shi bara na kusa karya masa hannu. Na ciro kunnen daga ƙofar gungume na ɗaura a motar, direbobi sun kewaye mu suna kallo. Ban ce kol ɗinku na yanzu irin nawa ne ba, na ji an ce ya fi jure zafi. Amma wanda ya matsa shi a kan tsatsa, bai ja ya gani da azahar ba, bai san abin da ya sayar wa mutane ba.

Da na gama Madam ta fito, ta dafa kunnen ta hau, ta ja ƙofa da shi ta rufe. Na soma tattara kayan aiki. Sai ta leƙo ta ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Na gama, Mama."

Ta nuna gefen direba, inda kunnen hagu yake ɗaure da waya tun bara. Ta ce, "Wancan ma ba kol ɗinka ne a ciki ba?"

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "To, Mutari Mai Gilashi, cire shi ka sa fata. Miji ɗaya gare ni."